Ranar Gwajin Nas Zinariya

Shafi na 23

Masu turo min saƙo cewa Metron Haulatu ba muguwa ba ce, tsare gida kawai gare ta, ku karanta wannan shafin tukuna sannan mu yi magana. Ke kuma da kika ce in tausaya wa Zinariya, wallahi ina tausaya mata, amma yadda abin ya faru haka zan kawo muku shi.

*

Sai da aka sallami duk sauran nas-nas ɗin sannan aka kira Zinariya.

Tun safe take zaune a bencin barandar asibitin, har farar rigarta da ta sha sitaci ta yi laushi a baya saboda gumin Fatakwal. Gwajin na waɗanda suka koyi jinya a lokacin yaƙi ne ba tare da sun kammala makaranta ba. Yanzu da aka zauna lafiya, kuɗin mai ya shigo, ana ta buɗe sababbin asibitoci, sai aka gayyato wata ƙungiyar lafiya ta ƙasashen waje ta zo ta auna su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta ci a ba ta lasisi. Wadda ta faɗi ta ajiye hularta, kada ta ƙara taɓa majinyaci.

Ta riga ta ci na rubutu. Saura na bakin gado, shi kuwa ko a jikinta. Duk Hausawan unguwar Mile 3 sun san hannunta. Matan da ba sa yarda su buɗe jikinsu gaban kowa, in aka ce Zinariya ƴar Liman ce a bakin aiki, da kansu suke yafa mayafi su taho.

Mai goge-gogen ɗakin maza ce ta leƙo.

"Nurse, Matron say make you come."

Ta miƙe ta gyara zaman hularta, ta yi bisimilla ta shiga.

A ƙarshen ɗakin aka kewaye wani gado da labule. Mutum biyu ne tsaye a bakinsa. Ɗaya Dakta Ingirid ce, doguwar Baturiyar da ƙungiyar ta turo, zafi ya mai da fuskarta jajur, in ban da "sannu" ba ta san komai a Hausa ba. Ɗayar kuwa Metron Haulatu Indabawa ce, ƴar Hausawan Anacha da ta yi karatun jinya a Ingila, ita aka ba aikin tafinta. Tunda aka kawo ta asibitin nan ba ta taɓa amsa gaisuwar Zinariya da fiye da ɗaga gira ba.

Yau kuwa murmushi ta yi mata. Wannan murmushin ne ya fara faɗar mata da gaba.

Baturiyar ta yi bayani da Turanci a tsanake. Ta ce wankin miki za a yi. Za ta duba tsafta, ta duba tsarin aiki, amma abin da ya fi nauyi a wurinsu shi ne yadda nas take sauraron majinyaci da yadda take kwantar masa da hankali. Ta ƙara da cewa duk wadda ta buɗe ciwo ta bar bakin gado kafin ta rufe shi, ko da wane dalili ne, ta faɗi ke nan.

Metron ta ce da Hausa, "Kin dai ji ko? Ko me zai faru, ba a tashi."

Aka ja labule suka shiga.

Dattijo ne a kwance ya juya fuska bango, ƙafarsa ta hagu a naɗe daga gwiwa zuwa idon sawu. Zinariya ta yi masa sallama, ta gaya masa sunanta da abin da za ta yi, ta nemi izininsa. Kai kawai ya gyaɗa bai juyo ba. Ta wanke hannu, ta jera kayanta a tire, ta warware bandejin a hankali tana jiƙa inda ya manne da ruwan gishiri don kada ya ji zafi.

Tsohon ciwo ne. Kallo ɗaya ta yi masa ta san harbi ne da bai samu kulawa a kan lokaci ba, ya ci ƙashi, ya ƙi warkewa shekara da shekaru.

Sai da ta buɗe shi gaba ɗaya, ta ɗauki hantsaki da auduga, sannan mutumin ya juyo.

"Barka da yamma, Nneka."

Hantsakin ya ƙwanƙwasa bakin tire.

Mutane kaɗan ne a duniya suka san ta da wannan sunan, kuma a zatonta babu Bahaushe ko ɗaya a cikinsu.

A Inugu aka haife ta, Inyamuranci a bakinta kamar Hausa. Lokacin da rikici ya tashi Hausawa suka yi Arewa, tana makarantar jinya, hanya ta rufe kafin ta isa wurin iyayenta. Malamarsu, wata dattijuwa Mama Obiageli, ita ta ɓoye ta, ta ce ƴar ƙanwarta ce, ta raɗa mata Nneka. Da wannan sunan ta yi yaƙin gaba ɗaya tana jinya a wata makaranta da aka mayar asibiti a bayan Anacha. Da aka gama yaƙi ta samo iyayenta sun dawo sun zauna a Fatakwal, ta gaya musu wannan duka, suka yi kuka suka gode wa Allah. Abu ɗaya ne ba ta faɗa ba.

Dakta Ingirid ta tambayi me ya ce.

Metron ta amsa mata da Turanci cewa gaisawa suke yi, ya ce ya ji daɗi da aka kawo masa mai jin yarensa. Baturiyar ta gyaɗa kai ta yi rubutu.

Sannan Metron ta juyo gare ta da Hausa. "Yayana ne, Malam Jumare. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ci gaba da aikinki, ana kallon hannunki."

Zinariya ta sa auduga ta fara share mikin daga ciki zuwa waje kamar yadda aka koya mata. Hannun ya san aikinsa ko da mai shi ba ta cikin hayyacinta.

Malam Jumare bai ɗaga murya ba. Magana yake a hankali kamar mai ba jikarsa labari. Ya ce shi dillalin shanu ne a Anacha kafin rikici. Ya gudu Kano da kowa, amma zuciya ta ƙi barinsa, ya ce sai ya koma ya ga abin da ya rage na dukiyarsa. A Lakwaja ya haɗu da wani yaro matashi, siriri, mai wushirya, shi ma Kudu ya nufa. Kowa na gaya masa kada ya je, yaron ya ce an baro yayarsa a Inugu, innarsu ba ta ci ba ta sha, ya yi mata alkawari ba zai dawo ba sai da ita.

"Kin san sunansa ko in tuna miki?"

Ba ta ɗago ba.

"Talha," in ji shi. "Ƙanenki."

Ta jefa audugar da ta ɓaci a kwano, ta ɗauki sabuwa.

Ya ce a bakin ruwa aka tare su, aka harbe shi a ƙafa, yaron kuma a ciki. Aka kwaso su a bayan mota aka zube a barandar wannan makarantar, soja tsaye a kansu da bindiga. Rana ta take, yaron yana ta kiran ruwa. Sai ga wata nas ta fito da bokiti tana ba majinyata ruwa. Ya ce shi bai taɓa ganin fuskar mutum ta yi haske irin yadda ta yaron ta yi ba.

"Ya ce, 'Yaya Zinariya, ni ne. Na same ki.' Har dariya ya yi, da hanjinsa a hannu."

Idonta ya cika, hawaye ya gangaro ta gefen hanci. Ta kawar da kai don kada ya ɗiga a ciwon.

Baturiyar ta matso tana tambaya. Metron ta ce yana ba ta labarin yadda ya samu raunin ne a lokacin yaƙi, nas ɗin kuma tana taya shi jimami. Dakta Ingirid ta dafa ƙirji, ta ce abin da suke nema ke nan, ta sake rubutu.

Zinariya tana jin Turancin sarai. Kalma ɗaya za ta faɗa ta ƙaryata Metron. To ta ce me? Ta gyara fassarar da bakinta?

"Sojan ya tambaye ki ko kin san shi," in ji Malam Jumare. "Na zauna Anacha, ina jin yarensu. Me kika ce masa?"

"Baba, don Allah."

"Ba ni kika yi wa ba tukuna, ki bar haɗa ni da Allah. Me kika ce?"

Ta tsoma auduga a ruwan gishiri.

"Kika ce, 'Anaghị m anụ Awụsa.' Wai ba kya jin Hausa. Kika ɗauke bokitinki kika tsallake ƙafarsa."

A lokacin ne ta sunkuya za ta ɗauki kwalbar magani a ƙasan tire, idonta ya sauka ƙarƙashin labule.

Akwai ƙafafu a can waje. Mutum uku ne ko fiye, tsaye cik ba motsi. Na tsakiyan farin takalmin fata ne mai ɗinki a babban yatsa. Ita ta kai shi wurin baduku aka yi wannan ɗinkin.

Yau Alhamis. Duk Alhamis bayan la'asar mahaifinta, Malam Bubayero, limamin masallacin Hausawan Mile 3, yakan zo da dattawa su duba marasa lafiyan unguwa su yi musu addu'a. Kowa a asibitin ya san haka. Shi ya sa aka bar ta a ƙarshe. Shi ya sa aka zaunar da ita tun safe.

Ta ɗago ta kalli Metron. Metron ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta, ta ce, "Ciwon a buɗe yake, Nas."

Ƙafafunta suka ce ta tashi ta yaye labulen ta faɗi gaban mahaifinta tun kafin ya ji sauran. Amma ga ƙafar mutum a buɗe a hannunta, ga ƙuda ɗaya yana kewaya fitila. Ba ma lasisin ta tuna ba a lokacin. Ba ta iya barin ciwo a buɗe ba, shi ke nan.

Ta ci gaba.

Da ta buɗe baki, muryarta can ƙasa take, kuma ba Malam Jumare take gaya wa ba, labulen take gaya wa. Ta ce da ta amsa, da a wurin za a harbe ta, a harbe Mama Obiageli da ta rantse cewa jininta ce, a bi ƴaƴan matar har gida. Ta ce ta ga cikin Talha, ta san ko likita goma aka tara ba zai tashi ba. Ta ce ta zaga baya ne ta jira sojan ya sauya da wani.

"Na dawo, Baba. Wallahi na dawo da ruwan."

"Kin dawo," in ji shi. "Ina kwance ina kallonki. Kin dawo bayan na ja rigata na rufe masa fuska."

Ya ja numfashi da ƙarfi, don ta taɓa inda ƙashi yake. Ta ce masa sannu ba tare da ta sani ba. Baturiyar ta ji kalmar da ta gane, ta yi murmushi.

Ya ce bai ga laifinta a tsoro ba, shi ma ya ji tsoro ranar har ya ɓata wandonsa. Ya ce ko ƙafarsa da ta wuce ta bari tana zubar jini har ta zama abin da take wankewa yanzu, ya bar wa Allah. Da ya zo Fatakwal bara ya gan ta a Mile 3 tana tafe da farar riga mata na sa mata albarka, ya gane ta, ya kama bakinsa. Ya ce a ransa ai ta gaya wa iyayenta, sun yi haƙuri, mene ne nasa a ciki.

Sai ran nan a masallaci ya ji Liman yana roƙon jama'a, duk mai zuwa Anacha ko Inugu ya taimaka ya cigita masa ɗansa. Ya bincika, aka ce masa ai mahaifiyar yaron, Inna Hadijatu, har yau ba ta yarda a ce marigayi ba. Kullum sai ta zuba tuwonsa a kwano ta rufe. Ta je sansanin ƴan gudun hijira, ta je gidan yari, ta tsaya a Kasuwar Relief tana nuna hotonsa ga masu sayar da doya. Aka ce kuma ƴarta nas ce take raka ta.

"Ke kike riƙe mata jaka," in ji shi. "Kina tsaye tana tambayar mutane. Wannan ne na kasa haɗiyewa, ƴar nan. Ba ruwan ba."

Sau nawa ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ga Inna tana goge kwanon, ta ce bari sai gobe. Goben ce ta zama shekaru.

Ta shafa magani. Ta ɗora auduga mai tsafta. Ta naɗe bandejin daga ƙasa zuwa sama, bai yi tsauri ba bai yi sako-sako ba, ta sa yatsa ta gwada. Ta gyara masa matashi, ta tambaye shi ko akwai inda ke masa zafi, don haka tsarin ya ce a yi.

Ya kalle ta ya ce babu.

Ta kwashe kayanta ta wanke hannu.

Dakta Ingirid ta rufe alƙalaminta, ta kama hannun Zinariya da hannu biyu. Ta ce ta yi wannan gwajin a ƙasashe da dama, ta ga masu saurin hannu, ta ga masu ilimi, amma ba kasafai take ganin nas da majinyaci zai buɗe mata cikinsa haka ba, ta saurare shi har ta yi hawaye, hannunta kuma bai karkace ba. Ta ce ita ce ta fi kowa maki, kuma za ta sa sunanta cikin waɗanda za su koya wa na baya yadda ake tausaya wa majinyaci.

Wannan karon Metron ta fassara daidai, kalma bayan kalma, da murya mai ƙarfi yadda na bayan labule za su ji, duk da ta san Zinariya ba ta bukatar fassara.

Baturiyar ta fita ta ɗaya gefen tana fifita da takardunta.

Zinariya ta tsaya riƙe da ƙarfen gado. Ta ce, "Metron, da kin kayar da ni kawai. Kina da iko."

"In kayar da ke ki samu na cewa an zalunce ki?" Ta matso har Zinariya na jin ƙamshin hodarta. "A'a. Ni na sa hannu kin ci. Ki karɓi lasisinki, ki sa hularki, ki bi ta tsakiyar Mile 3 kullum da safe. Yayana ya tafi da ƙafa biyu, yanzu yara ke toshe hanci in ya wuce. Ke ma ki ɗanɗana yadda ake wucewa ana kallon mutum."

Malam Jumare ya ce, "Haulatu, ya isa. Ba haka muka yi da ke ba. Cewa kika yi daga ni sai ita."

"Ka huta, Yaya."

Ta kama labulen ta zuge shi gaba ɗaya.

Malam Bubayero na tsaye, carbi a hannu. Dattawan da ke tare da shi duk sun sunkuyar da kai, ɗaya yana ja da baya kamar mai neman ƙofa. Marasa lafiyan gadajen kusa, waɗanda ke jin Hausa a cikinsu, sun tashi zaune.

Ta durƙusa a kan siminti. "Baba."

Bai kalle ta ba. Ya taka a hankali ya zagaye ta ya isa bakin gadon, ya ba Malam Jumare hannu, suka gaisa cikakkiyar gaisuwa, ya tambaye shi jiki, ya tambaye shi iyali. Sannan ya tambaya ko yaron ya samu yin kalmar shahada.

Malam Jumare ya ce ya yi, shi ya laƙƙana masa.

Ya tambaya ko an yi masa sallah.

Malam Jumare ya kawar da kai. Ya ce rami ɗaya aka haƙa musu su da yawa a bayan filin ƙwallon makarantar.

Liman ya daɗe a tsaye leɓɓansa na motsi. Ya yi wa Malam Jumare godiya, ya yi masa addu'ar samun sauƙi, dattawa suka shafa. Ya juya ga Metron ya ce Allah ya saka wa kowa gwargwadon niyyarsa. Murmushinta ya ɗan ragu.

Sai a sannan ya sauke ido kan ƴarsa.

"An tashe ki daga aiki?"

Ta gyaɗa kai.

"To tashi mu je. Na baro innarki tana tuƙa tuwo, ta ce in biya in taho da ke, wai wani direba ya ce ya ga mai kama da shi a Aba, tana so ki raka ta gobe."

Ya sa carbinsa a aljihu.

"Ni ba zan faɗa mata ba. Ke za ki faɗa mata, tun daga bokitin. Kuma da Hausa."